Rabin Taku Zuwa Dama

Shekara tara muna hawa matattakala ɗaya da Kuang Suyun, ni a bene na uku ita a na huɗu, ban san ta taɓa riƙe katakon buga ƙwallon tebur ba. Abin da na sani bai wuce abin da kowa a gidan ya sani ba: doguwa ce, bahaguwa, ba miji ba ɗa, ta yi ritaya daga tsaron ɗakin ajiye kayan wasanni na wata makarantar sakandare a nan Jinzhou. Ranar sabuwar shekara, lokacin da kowane ɗaki ke cike da jikoki da ƙaurin soye-soye, takunta kaɗai nake ji a saman kaina, daga taga zuwa murhu, daga murhu zuwa taga. Ni ma ɗin ɗakina ba cika yake yi ba tun da mijina ya rasu, ɗana kuma ya tare a kudu. Shi ya sa nake da kunnen jin takun wani.

Tana da wata ɗabi'a da na daɗe ina lura da ita. Duk teburin da ta tsaya a gabansa, ko na mai sayar da awara ne, sai ta shafa tafin hagunta a kai, ta hura yatsunta, sannan ta kai hannu bayan wuya kamar mai mayar da jelar kitso baya. Alhali gashinta gajere ne kamar na soja.

Da safe mukan haɗu a lambun unguwa. Akwai teburan siminti uku a can masu ragar ƙarfe, inda tsofaffin ma'aikatan matatar mai suke kashe safiyarsu. Suyun takan zauna a benci ta yi kallo, hannuwa a aljihu. Sarkin surutunsu wani ne Geng, gajere mai sanƙo, wanda ya yi imani cewa ƙasa ta yi asararsa.

"Doguwa!" in ji shi kullum. "Taso ki karɓi katako mana. Wannan tsayin naki ba na shanya kaɗai ba ne."

"Yaya Geng, ka fara cin Tsoho Lu tukuna. Shi da ido ɗaya ma yake wasa."

"Jiya bar masa na yi, matarsa tana kallo."

"Shekaranjiya fa?"

"Iska ce. Ke me kika sani a ƙwallo?"

Sai ta yi murmushi ta bar shi.

Wata safiya cikin kaka, ina dama kunun gero, aka ƙwanƙwasa ƙofata. Suyun ce, da waya a hannu. A shekara tara ba ta taɓa wuce bakin ƙofar ba.

"Malama Rong, Rashancin nan naki yana nan, ko ya bi haƙora?"

"Haƙora bakwai suka rage. Rashancin ya ɗan fi haka. Shigo, kunu zai kama."

Ta nuna mini wayar. Sanarwa ce ta gasar sada zumunci ta tsofaffin 'yan wasa da za a yi a Dalian ƙarshen mako, da jerin sunayen baƙi. Ta ɗora yatsa a kan suna ɗaya: Yolana Petrik, daga wata ƙaramar ƙasa a gabashin Turai.

"An ce a zamaninsu dole aka koya musu Rashanci a makaranta. Ina so ki raka ni ki yi mini tafinta. Ni zan sayi tikiti."

"Ƙawarki ce?"

"Ba ta taɓa ganina ba."

Na zuba mata kunu, na turo mata kabeji mai tsami. Sai da kunun ya huce a gabanta kafin ta gama ba ni labarin.

Tana da shekara sha bakwai ta cinye duk 'yan matan lardinmu. Riƙon alƙalami take yi wa katako, irin namu na da, tana tsayawa daf da tebur, duka uku ta sallami mutum. Aka kira ta sansanin horo na ƙasa. Babanta ya yanka kaza, makwabta suka raka ta tasha. Mako uku da zuwanta koci ya kai ta wani ɗaki mai talabijin, ya sa kaset. Wata Baturiya ce mai jan gashi, doguwa, bahaguwa, tana tsaye taku uku a bayan tebur. Ba ta kai hari. Duk dukan da aka yi mata sai ta jira ƙwallon ya sauko kusan gwiwarta, ta sare shi daga ƙasa, ya dawo yana juyi da baya, mai dukan ya yi ta yi har ya gaji ya zuba a raga. A shekarar ta fitar da 'yan wasanmu biyu daga gasa.

"Ya ce, ki kalle ta da kyau. Daga yau ke ce ita."

Kowa ya san akwai abokan atisaye a sansanin, ana ma yabonsu a jarida sau ɗaya a shekara. Abin da ban sani ba shi ne a cikinsu akwai waɗanda ake mayarwa wani mutum sukutum. Tsayi da hagu suka ja wa Suyun. Aka karɓe katakonta, aka ba ta mai doguwar ƙota, aka koya mata riƙon musafaha irin na Turawa. Shekara guda ƙwallo yana tashi mata sama kamar na mai koyo. Ta kalli kaset har ya tsinke, aka kawo wani. Ta koyi saran, ta koyi takun, ta koyi yadda matar take shafa tebur kusa da raga da yadda take hura yatsu kafin ta saki ƙwallo. Har gashi aka ce ta tara ta yi jela ɗaya, don idon Fei Hongxia ya saba da lilonsa.

Fei kam na san ta. Wa bai san ta ba? Hotonta ya yi shekaru a kalandar kowane shago. Sau biyar ta haɗu da Yolana Petrik a manyan gasanni, sau biyar ta ci ta, biyu daga ciki a wasan ƙarshe. Kafin kowace haɗuwa kuwa ta riga ta buga da Yolana sau dubu a wani zaure marar taga.

A sansanin ba mai kiranta Suyun. Ko a kwanon abincinta Yolana aka rubuta. Idan baƙin 'yan wasa suka kawo ziyara, sai a tura ta madafa ta taya ƙulla jiaozi, ƙullin fulawa mai nama a ciki, kada a gan ta. Ba ta taɓa mallakar fasfo ba. Duk lokacin da aka dawo da zinariya, shugabanni sukan tara su su ce rabin lambar nasu ne, Fei kuma takan rataya mata tata a wuya a ɗauki hoto. Na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa, na ji jawabai irin wannan fiye da yadda na ci shinkafa, ban taɓa ganin an ɗauko zarto an raba lamba ba. Ban faɗa mata haka ba. Ta fi ni sani.

Da Yolana ta daina wasa, Suyun tana da ashirin da shida. Ta gwada komawa riƙonta na da, hannun ya ƙi. Aka ba ta takardar yabo da makullin ɗakin kaya a Jinzhou. A can, idan yara sun tashi, takan naɗe rabin tebur sama ta yi ta bugawa da shi ita kaɗai.

"To yanzu me kike so da ita?" na tambaya.

Ta juya cokali a cikin kwano.

"Tana da rauni ɗaya. Idan ƙwallo ya nufo gwiwar hannunta na hagu, daidai ƙugu, ba ta matsawa. Sai ta kwantar da jiki baya ta tare a takure, ƙwallon ya tashi, a kashe. Da nan Fei take cinta kullum. A shekarata ta uku na gano maganinsa. Rabin taku zuwa dama, tun kafin ƙwallon ya tsallako raga. Rabi kawai. Na gwada wata safiya, na ci Fei wasa uku a jere."

"Sai aka yi miki tafi."

"Sai koci ya tsayar da atisaye. Ya ce, Yolana ba ta yin haka. In kin gyara, me Fei za ta koya a kanki? Mayar da kuskuren inda kika same shi." Ta ɗago kai. "Na mayar, Malama. Shekara shida ina yin kuskuren da na san maganinsa, sau ɗari a rana. Ina so in tsaya gabanta sau ɗaya in nuna mata. Ba wanda ya san ta kamar ni, ko uwar da ta haife ta. Ita kuwa ba ta san an haife ni ba."

"Matar nan ta kusa sittin. Me za ta yi da rabin taku yanzu?"

"Ban sani ba. Ni dai na gaji da riƙonsa."

Ranar Asabar muka hau jirgin ƙasa na safe. Ta dafo ƙwai a ruwan shayi, ta naɗe katakonta a tawul kamar jariri. Tun daga Panjin take maimaita gaisuwar Rashanci da na koya mata, tana ɓata ta ta hanya daban kowane karo.

Zauren wasan babba ne, tebur talatin, ƙarar ƙwallaye kamar ruwan sama a kan kwano. Tsofaffi ko'ina, wasu da sanda jingine a gefen tebur. Suyun ta tsaya a bakin shinge tana bin zauren da ido. Na san abin da take nema: jar jela. Ni kuwa sunayen da aka manna a bayan riguna nake karantawa. A tebur na sha huɗu na same ta. Mace ce mai jiki, farin gashi an aske shi ƙasa, gwiwoyi biyu a ɗaure da bandeji. Tana manne da tebur tana tare ƙwallo da ɗan motsin wuyan hannu, ƙafafunta ba sa ko ɗagawa.

"Ga ta can."

Suyun ta daɗe tana kallo.

"Ba ita ba ce."

"Sunanta ne a bayanta."

"Yolana ba ta tsayawa nan wurin."

Muna cikin haka sai ga ayari ya taho ta bayanmu, maza da kwat, masu ɗaukar hoto, a tsakiyarsu babbar baƙuwar taro, Fei Hongxia, ta yi ƙiba kaɗan amma tafiyar tana nan. Idonta ya sauka a kan Suyun. Ta tsaya cak, ta buɗe hannuwa.

"Yolana! Kai, Yolanarmu! Ina kika shige duk shekarun nan?"

Muryar ta cika wajen. Ta rungume ta da gaske, har da ƙwalla. A tebur na sha huɗu, mai farin gashi ta waiwayo, ƙwallo ya wuce ta.

"Ku gan ta nan," in ji Fei ga mutanenta, "wannan ita ta yi ni. Ba don ita ba da ban ci ko kofin shayi ba."

Wani ɗan jarida ya zaro biro. "Ranki ya daɗe, yaya sunanta?"

Fei ta buɗe baki. Ta rufe. Ta sake buɗewa.

"Kuang," in ji Suyun a hankali. "Kuang Suyun."

"Haka ne! Tsufa, 'yar'uwa, tsufa." Fuskarta ta yi ja har kunne. Ta riƙe hannun Suyun da hannu biyu, ba ta saki ba sai da aka ja ta zuwa dandamali. Ban riƙe ta da mugunta ba. Shekara tara ana horar da idonta kada ya ga kowa a ƙetaren ragar nan sai mutum ɗaya, kuma ta kasance ɗaliba mai ƙoƙari.

Baturiyar ta gama wasanta, ta rataya tawul a wuya, ta nufo mu tana ɗingishi. Suyun ta manta gaisuwar gaba ɗaya. Ni na gaishe ta. Ta ɗaga gira jin Rashanci, ta amsa da nata mai tsatsa.

"Me ya sa waccan ta kira wannan da sunana?"

Na gaya wa Suyun. Ta yi magana, na juya, a gajarce, a tsaye, mutane suna ture mu suna wucewa. Kaset, riƙo, jela, madafa. Fuskar matar ba ta motsa ba.

"Shekara nawa?"

"Tara."

"Kullum?"

"Ban da rabin ranar Lahadi."

Ta goge wuyanta da tawul a hankali.

"Babana ne kocina. Duk sanda Fei ta ci ni sai ya ce lalaci na yi. Ni kuma in ce shi ne bai iya aikinsa ba. Ko'ina na aika ƙwallo sai in tarar tana can tana jirana, har na fara zaton ni ce daƙiƙiya. A karo na biyar na jefa masa katako a gaban jama'a. Muka yi shekara huɗu ba ma magana." Ta dubi Suyun daga sama har ƙasa. "Ashe ni ɗaya ce, ku biyu. Tambaye ta me take so. In yafiya ce, ban taho da ita ba."

Akwai masu cewa aikin tafinta shi ne ya zuba wa magana sukari don a rabu lafiya. Na ga abin da wannan sukarin ya yi wa mutane a zamanina. Na juya mata kalma da kalma.

Suyun ta dubi tebur. "Ki ce mata wasa ɗaya kawai."

Amsar da ta biyo ba ta bukaci tafinta ba. Matar ta girgiza kai, ta juya, ta tafi.

Muka koma can ƙarshen zaure inda aka jera teburan motsa jiki, muka zauna a benci. Na ɓare ƙwai biyu, na ci ɗaya da rabi. Aka yi ta kiran sunaye a lasifika. Suyun ta zauna rungume da jakarta har wajen awa biyu. Na so in ce mata wani abu na hikima, na duba ban samu ba.

"Jirginmu ƙarfe huɗu da minti goma ne," na ce.

"To."

Ta miƙe. Teburin da ke gabanmu ba kowa. Ina jin ba ta ma san ta nufe shi ba. Teburi ne na gasa, shuɗi, ba siminti ba, irin wanda ta rabu da shi shekara kusan talatin. Ta shafa tafin hagunta kusa da raga. Ta hura yatsunta. Ta mayar da jelar da babu.

"Ke, tafinta!"

Ashe Baturiyar tana benci na uku daga namu, an fitar da ita a zagaye na biyu, tana kwance bandejin gwiwa. Hannunta ya tsaya a kan bandejin.

"Wa ya koya mata wannan?"

"Ke."

Baturiyar ta dubi yatsunta.

"Hura yatsun na babana ne. Zauren ƙauyenmu ba a hura wuta, yatsu sukan ƙage. Na daina tun ranar da na jefa masa katako." Ta fara mayar da bandejin tana ja da ƙarfi kamar mai hukunta gwiwar. "Gaya mata maki ashirin da ɗaya za mu buga, irin na mutane. Ba wannan sha ɗaya na yara ba."

Suyun ta kwance tawul. Robar katakon sabuwa ce, ƙotar kuwa ta yi baƙi da gumi.

Ni ba masaniyar wasa ba ce, abin da na gani kawai zan faɗa. Yolana ta saki ƙwallo, ta bi shi da duka. Suyun ta ja baya taku uku kamar ruwa ya koma kwarinsa. Wannan matar da nake gani tana hawa matattakala da jakar kabeji tana nishi, sai ga ta ta durƙusa, hannu ya tashi daga kunne ya sauko har gwiwa, ƙwallon ya taho a hankali yana shafar raga. Yolana ta daka, ya dawo. Ta sake, ya dawo. A na shida ta zuba a raga. Ta bi ƙwallon da kallo, ta dubi Suyun, sai ta fashe da dariya, irin wadda ba ta da nisa da kuka.

"Haka nake?" ta ce da ni ba tare da ta juyo ba. "Haka nake da kyau?"

Mutane suka fara taruwa a bakin shinge. Wani tsoho ya ce da abokinsa irin wannan saran an daina yinsa tun zamanin kekuna. Suna takwas da biyar, Suyun a gaba, sai na ga Yolana ta tsuke ido. Ta aika ƙwallo daidai ƙugun Suyun na hagu. Suyun ta kwanta baya, ta tare a takure, ƙwallon ya tashi, aka kashe. Yolana ta sake aikawa nan. Haka dai.

"Har wannan?" ta ce.

"Har wannan," in ji Suyun. Numfashinta yana fita da ƙyar. "Malama, ki ce ta sake bugo nan ɗin."

Ta bugo. Ban ga lokacin da ƙafar ta motsa ba. Na dai ga Suyun ba ta inda take, ƙwallon da ya nufo jikinta yanzu yana gefenta na hagu a sarari, hannu ya sauko a sake, ya koma ƙasa-ƙasa. Yolana ta zuba a raga. Ta ɗauko, ta sake bugowa nan. Raga. Ta sake. Waje.

Yolana ta ajiye katako a kan tebur.

Suyun ta zagayo, ta tsaya kusa da ita, ta nuna da ƙafa a ƙasa. Ta faɗi maganar safiyar nan da ta ci Fei sau uku da abin da koci ya ce. Na juya.

Yolana ta ɗauki katakonta, ta ja da baya daga tebur, taku ɗaya, biyu, uku, tana cije leɓe saboda gwiwa. Ta tsaya inda ta bari tun shekaru. Ta bugi ƙugunta na hagu da katako: nan.

Sai Suyun ta tsaya turus. Wanda zai aika ƙwallo can da ƙarfi dole ya kai hari, Yolanar da ke jikinta kuwa ba ta kai hari. Ta dubi katakon. A hankali ta juya shi, kai ƙasa, ta kama ƙotar da yatsu biyu kamar alƙalami. Ƙotar ta yi wa riƙon tsawo. Ta matso daf da tebur.

Na farko ya shiga raga. Na biyu ya wuce tebur ya bugi shinge, wani ya yi dariya. Na uku ya tafi kamar an harba, daidai ƙugu.

Yolana ta matsa. Rabin taku, da nishi, da ƙyar. Hannunta ya sauko. Ƙwallon ya taho yana shafar raga, ya sauka a gefen Suyun, ya yi tsalle biyu ya faɗi ƙasa. Suyun ba ta ko ɗaga katako ba.

Matar ta daɗe tsaye tana kallon ƙafarta ta dama.

"Rabi," ta ce.

Na juya wa Suyun. Ta gyaɗa kai.

Yolana ta faɗi wata magana da harshensu, ba da Rashanci ba. Ban ji ba, ban kuma tambaya ba. Daga baya ta ce da ni, "Babana ya rasu shekara sha ɗaya ke nan. Da ya ji wannan da ya ce shi ya fara faɗa." Ta share hanci da tawul.

Wasan bai ƙare ba. Wata ma'aikaciya ta zo ta ce motar baƙi za ta tashi. Yolana ta ciro takardar lambar da aka manna a bayan rigarta, ta juya ta, ta miƙa wa Suyun da biro.

"Ta rubuta mini sunanta. Nata."

Suyun ta rubuta haruffa uku na rubutunmu. Na rubuta yadda ake faɗa a ƙasa. Matar ta karanta da ƙarfi, ta ɓata shi sarai, ta sake gwadawa, ta ƙara ɓatawa. Ta ninke takardar ta sa a cikin jakar katakonta. Suka yi musafaha, hagu da hagu. Ta tafi tana ɗingishi, ba ta waiwayo ba.

Mun sami jirgin saura minti shida ya tashi. Suyun ta zauna a jikin taga, gonakin masara da aka girbe suna wucewa. Sai bayan mun wuce Yingkou ta yi magana.

"Malama, daɗi ta ji ko haushi?"

"Ina jin duka biyu."

"Ta riƙe sunan?"

"Ta riƙe takardar."

Ta yi ɗan murmushi.

"Na zaci idan na gan ta zan ga wadda na sani. Waccan mutuniyar kirki ce. Amma baƙuwa ce."

"Wadda kika sani fa?"

"Ita kam da ni za ta koma Jinzhou."

Na miƙa mata rabin ƙwan da ya rage. Ta ci.

Kwana uku ban gan ta a lambu ba, sai takunta a sama, daga taga zuwa murhu. Ranar Laraba ta sauko. Geng yana tsaka da bayyana wa Tsoho Lu dalilin da ya sa cin jiya bai ƙirgu ba.

"Doguwa! An ce kin je Dalian. Miji kika je nema?"

"Na duba, duk irinka ne. Ara mini katakonka na biyu."

Geng ya dubi abokansa, ya zaro wani tsohon katako mai gajeriyar ƙota, robarsa ta ɗaye a gefe ɗaya.

"Kin san ta inda ake riƙewa? Nan ne, ba can ba."

Ta kama shi riƙon alƙalami, ta tsaya daf da tebur. Na san da ta ja baya taku uku da Geng bai ga ko maki ɗaya ba har bazara. Ba ta ja ba. Ta yi ta duka, ƙwallo yana shiga ragar ƙarfe yana ƙara, yana faɗawa cikin furanni. Ya ci ta sha ɗaya da huɗu. Ya zagaya tebur hannuwa sama.

"Kun gani? Na ce muku tsayi ba wasa ba ne! Malama Rong, ki rubuta a littafi. Doguwa, kada ki damu, ki riƙa zuwa zan koya miki, kina da ɗan hannu."

"Sake," in ji Suyun.

Ta tsinto ƙwallon daga cikin furanni, ta goge shi a riga, ta koma wurinta. Kafin ta saki, sai da ta shafa tafinta a kan simintin kusa da raga, ta hura yatsunta.